Sojan tashar Paddington da namu 'yan Boma

A dandamali na ɗaya a tashar jirgin ƙasa ta Paddington da ke Landan akwai mutum-mutumin wani soja, na tagulla. Ya yafa babban kwat a kafaɗa, ya naɗe wuya saboda sanyi, kansa a sunkuye yana karanta wasiƙar gida. Charles Jagger ne ya ƙera shi, wanda shi ma ya ji rauni a fagen daga. Kamfanin Great Western Railway ya kafa shi a 1922 saboda ma'aikatansa 2,524 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma sunayensu na rubuce a cikin wani akwati da aka rufe a gindinsa. Doka ta saka tashar cikin gine-ginen tarihi, ba mai taɓa ta sai da izini.

Ni wurin da aka ajiye shi ya fi ɗaukar hankalina. Mai zuwa aiki da mai jan akwati duk ta gabansa suke wucewa, ko sun so ko ba su so ba.

Mu fa? Kakanninmu sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, an kai su Gabashin Afirka, sannan Boma (ƙasar Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82. Hausa ce ma harshen bariki a lokacin. Da yawansu ba su dawo ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amince da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Wannan laifin Turawa ne, amma mu me muka yi? A Kaduna akwai barikin Kalapanzin da na Dalet, sunayen wurare ne a Boma, amma tsayar da matashi ka tambaye shi ka ji. Furannin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kuwa manya ne ke ajiyewa, talaka ya gani a talabijin.

Na san mutum-mutumi ba al'adarmu ba ce, addini ma bai yarda ba, kuma ba shi nake nema ba. Allo a bangon tashar Kano ko Zariya ya isa, da sunan kowane soja da garinsu, da boko da ajami, yadda mai jiran jirgi zai karanta ya yi musu addu'a. Jikokinsu na nan da rai, a fara tambayarsu sunayen tun ba su manta ba.