Rabon Kwana a Cikin Laftof

Wani Alhaji Bakano, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, ya wayi gari laftof ɗinsa ta ƙi tashi. In an kunna ta sai baƙin allo da wasu fararen kalmomi biyu, grub rescue, shi ke nan. A cikinta kuwa sunayen duk waɗanda yake bi bashi suke, tun daga masu kwando na Ketu har masu buhu na Oyingbo. Nan take ya yanke hukunci cewa abokan kasuwa ne suka yi mata jifa. Ya ɗauko malaminsa daga Agege, ya tasa yaronsa a gaba, suka hau danfo sai Ikeja, Computer Village, shagon wani Bazazzagi mai gyara a layin Otigba.

ALHAJI: Salamu alaikum. Nan ne shagon Bazazzagin da aka ce yana tashin matattu?

BAZAZZAGI: Wa alaikumus salam. Allah ne mai tashin matattu, Alhaji, ni kwamfuta nake tayarwa. Zauna, kujerar kyauta ce, na san shi za ka fara tambaya.

ALHAJI: Ga ta nan. Malam ya yi mata tofi bai ci ba.

MALAM: Na so a shafa mata rubutu, yaron nan ya hana.

BAZAZZAGI: Allah ya yi wa yaron albarka. Da ruwan ya shiga kibod da sai dai ku yi mata sallah. Wa ya ɗora mata Linux?

ALHAJI: Ɗana ne na jami'a, da ya zo hutu. Ya ce wani Bature ɗan Finland ne ya ƙirƙiro ta tun 1991, kuma kyauta ake bayarwa. Na ce tunda kyauta ce ya ɗora mini guda biyu, ya ce ɗaya ta isa.

BAZAZZAGI: To ba jifa ba ne. Windows da Linux, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, a faifai ɗaya suke zaune, kowacce da ɗakinta. Akwai wata 'yar manhaja, GRUB, ita ke fara tashi ta tambaye ka wacce kake so. A farkon faifan akwai ɗan gurbi na bayit 512, wato kamar wurin harafi 512, ana ce masa MBR. Bayit 446 na umarnin tashi ne, 64 na rajistar ɗakuna, 2 na hatimi. GRUB ta fi ƙarfin gurbin, saboda haka somin-taɓinta ne kawai a wurin, yawancin kayanta suna ɗakin Linux. Yanzu ta tashi ta nemi kayanta ba ta gani ba. Wani ya share ɗakin.

ALHAJI: Wa?

(Yaro ya fara kallon silin.)

YARO: Oga, ni ban share komai ba. Na dai buɗe wajen da ake ganin ɗakunan, na ga wani ba suna ba harafi, fili guda a banza. Sai na gyara shi na zuba finafinai.

BAZAZZAGI: Malam, albarkar da na sa masa ɗazu ana iya janyewa?

YARO: Windows ce fa ta nuna mini ba kowa a ciki!

BAZAZZAGI: Ba ta iya karanta tsarin da Linux ke jera kayanta, ext4. In ta duba ɗakin ba ta ganin ko tsinke.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Wato uwargida aka aika ta leƙa ɗakin amarya, ta dawo ta ce babu kowa?

BAZAZZAGI: Kusan haka.

ALHAJI: To ai da haka ka fara da na gane tun ɗazu. Kai kuma, shashasha, a ina ka taɓa jin an tambayi uwargida labarin amarya?

MALAM: Shaidar kishiya a kan kishiya abar dubawa ce.

ALHAJI: Bar wannan. Bashina yana nan?

(Bazazzagi ya soka filasha, ya tashi laftof ɗin daga cikinta, ya buɗe ɗakin Windows.)

BAZAZZAGI: Ga shi nan, ko harafi bai ɓace ba. Bari in kwafe maka shi a filasha kafin in taɓa komai. Ba a wasa da ɗakunan faifai sai an fitar da abin da ake tsoron rasawa.

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Gangara ƙasa in gani. Mai shinkafar Ojota, buhu uku. Mai suyar Obalende, buhu ɗaya da rabi. Allah gafarta Malam, buhu biyu tun azumin bara.

MALAM: Alhaji, ni dai da za ka ji shawarata, abin da ya mutu a bar shi ya huta.

BAZAZZAGI: Hanya biyu ce. Ko in kawo filashar Windows in rubuta bootrec /fixmbr, ta koma tana tashi ita kaɗai, ka manta da Linux. Ko in sake ɗora Linux, GRUB ta dawo tana tambayarka.

ALHAJI: In saki wadda aka ba ni ba sadaki? Mayar da ita ɗakinta.

BAZAZZAGI: To ga matsala. Windows ta riƙe ɗaki uku: ƙarami na tashi, babba na kayanka, da na ceto in ta lalace. Yaronka ya gina na huɗu. Rajistar nan ta bayit 64, kowane ɗaki yana cin 16. Huɗu ke nan cif, ba a ƙarawa.

MALAM: Allahu akbar! Maimaita.

BAZAZZAGI: Huɗu, ba a ƙarawa.

MALAM: Ka ji ko, Alhaji? Ƙarfe ma ya san iyaka. Wanda ya ƙera wannan abu an yi masa tarbiyya.

BAZAZZAGI: Amma akwai dabara. Sai a mayar da na huɗun zaure, a yanka ƙananan ɗakuna a cikinsa, biyar, shida, bakwai. A rajista dai huɗu za a gani.

MALAM: Subhanallahi. Wannan ai hila ce ƙarara.

BAZAZZAGI: Sababbin kwamfutoci ma sun bar MBR, sun koma wani tsari, GPT. A can Windows tana yarda da ɗaki 128.

MALAM: Nawa?

BAZAZZAGI: 128, Allah gafarta Malam.

MALAM: Yaro, miƙo mini ruwa.

ALHAJI: Duk mutum ɗaya ke ciyar da su? Kai, bar ni da tsohuwata. Share finafinan yaron nan ka ba amarya wurinta.

YARO: Oga, akwai wanda ban ƙarasa ba, saura kashi na ƙarshe.

ALHAJI: Ka ƙarasa shi a mafarki.

BAZAZZAGI: Sai magana ta biyu. Batirin kwamfutanka ya mutu, shi kuma kwamfutan in ba caja ba ya minti ɗaya.

ALHAJI: Shi kuma kwamfutan! Ka ji Zage-zagi. Kun zo har Legas ba ku koyi raba namiji da mace ba. Haka za ka ce matata ya zo.

BAZAZZAGI: Mu Allah ya ba mu ilimi, ku ya ba ku sikeli. Abin da nake cewa, in aka ɗauke wuta ina tsakiyar yanka ɗaki, rajistar na iya hargitsewa. Kawo kuɗin fetur lita ɗaya in tada janareta.

ALHAJI: Fetur? Ga Malam a zaune? Malam, riƙe mana wutar nan minti ashirin.

MALAM: Ni aikina roƙo, Alhaji, ba ni da hannu a turansifoma.

(Aka yi ta ja har aka tsaya a rabin lita. Janareta ya tashi, aka ɗora Linux, aka zo wajen GRUB.)

BAZAZZAGI: Nan ne mutane ke faɗawa rami. Duba: grub-install /dev/sda. Ka ga ban sa lamba a ƙarshe ba. sda shi ne faifan gaba ɗaya, sda1 ɗakin farko ne kawai. In na kuskura na sa 1, na rubuta GRUB a bakin ƙofar ɗakin Windows, sai ta daina tashi.

ALHAJI: Bari in sa tabarau. Mutumin da ba ya bambanta shi da ita ba zan bar shi da sda da sda1 ba mai gadi. To, babu 1. Danna.

(Aka danna, aka sake kunnawa. Jeri ya fito a allo, Linux ce kaɗai a ciki.)

ALHAJI: Inna lillahi! Ina uwargida?

YARO: Oga, wannan karon dai ba ni ba ne.

ALHAJI: Daga tarewa ta kore ta? Da bashina a ɗakinta?

BAZAZZAGI: Kwantar da hankali, tana nan. Akwai ɗan aiken da ke zagaya faifai yana duba ko akwai wata manhajar, os-prober. Tun GRUB 2.06 ta 2021 masu ita suka hana shi fita sai an ba shi izini, wai don tsaro. Zan buɗe /etc/default/grub in rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan update-grub.

MALAM: Me ka rubuta da Hausa?

BAZAZZAGI: Na ce hanawar da aka yi ƙarya ce.

MALAM: Ba ka ce a bari ba, ka ce hanawa ƙarya ce. Wannan ko a kotu sai lauya.

(Aka sake kunnawa. Linux a sama, Windows a ƙasa, lamba tana ƙirgawa.)

ALHAJI: Yawwa, ga ta. To me ya sa amarya ke sama? Wannan lambar kuma ta mece ce?

BAZAZZAGI: Daƙiƙa 10 na ba ka ka zaɓa. In ba ka taɓa komai ba, ta saman ce za ta tashi.

ALHAJI: Daƙiƙa 10? Ni da nake wuni guda kafin in sallama buhu? Mai da shi awa ɗaya.

BAZAZZAGI: Ana iya sa -1, ta jira ka har abada. Ko in sa ta riƙa tuna wadda ka shiga ƙarshe, gobe ta sake kai ka can.

MALAM: Haram! Wadda aka kwana ɗakinta jiya ita za a koma wa yau? Ina adalci? Ba a iya sa ta yi yau nan gobe can?

BAZAZZAGI: Ba a zo da wannan a cikinta ba, sai dai mutum ya zauna ya rubuta da kansa.

MALAM: To na janye maganar tarbiyya.

ALHAJI: Sa uwargida a gaba, ita ke riƙe da dukiya. Amarya sai ɗana ya zo hutu.

BAZAZZAGI: An gama. Amma ka ji gargaɗi. Duk ranar da aka sake ɗora Windows a faifan nan, za ta share GRUB daga MBR ta rubuta nata, ko sallama ba za ta yi ba. Shi ya sa ake fara ɗora ta, Linux ta biyo baya. Linux in ta zo tana neman wa ke gidan. Windows in ta zo ita kaɗai ta sani.

ALHAJI: Ba sai ka faɗa mini ba, da irinta nake zaune. Shiga ɗakinta mu gani.

(Windows ta tashi. Malam ya leƙa agogon da ke ƙasan allo.)

MALAM: Ƙarfe ɗaya. Ashe da sauran lokaci kafin azahar.

YARO: Allah gafarta Malam, biyu ta yi. Ga masallacin can har an idar.

MALAM: To agogon wa ke ƙarya?

BAZAZZAGI: Agogo ɗaya ne a cikin injin, su biyu ke karanta shi. Linux tana saita shi da lokacin duniya na Greenwich, in za ta nuna maka sai ta ƙara awa ɗaya ta Najeriya. Windows kuma tana ɗauka abin da ta tarar lokacin gida ne, sai ta nuna shi haka. Duk sanda ka fito daga Linux ka shiga Windows za ka ga awa ɗaya ta yi ƙasa.

ALHAJI: Tun ba a kwana ba ta fara taɓa mata kaya.

BAZAZZAGI: Layi ɗaya ne maganinsa, timedatectl set-local-rtc 1, sai Linux ta bi lokacin gida.

MALAM: Rubuta da sauri, ta riga ta ci mini jam'i.

ALHAJI: To, Bazazzagi, Allah ya yi albarka. Nawa ne?

BAZAZZAGI: Naira 10,000.

ALHAJI: Ta me? Linux kyauta. GRUB kyauta. Fetur nawa. Da bakinka ka ce gurbin bayit 446 ne. Na saya, bayit ɗaya naira ɗaya. Yaro, ba shi 500, ya riƙe canjin.

BAZAZZAGI: Malam, ka shaida? Bayit ɗaya naira ɗaya?

MALAM: Na shaida.

BAZAZZAGI: Madalla. Bayan MBR akwai ɗan fili kafin ɗakin farko, nan GRUB ke ajiye kashinta na biyu, core.img. Shi kaɗai ya haura bayit 20,000. Ban ma zo kan abin da ke cikin /boot/grub ba, can da miliyan ake ƙirgawa. Yaro, miƙo kalkuleta.

ALHAJI: Ajiye kalkuletan nan! Wa ya ce a auna? Ai tsakanin Kano da Zazzau ba a awo. Nawa ka ce da farko?

BAZAZZAGI: 10,000.

ALHAJI: Albarka. 6,000 da kwandon albasa.

BAZAZZAGI: Kwandon yana ina?

ALHAJI: Yana wajen Malam, cikin buhu biyun nan. Ka bi shi Agege ka karɓa.

MALAM: Bazazzagi, ɗazu ka ce in aka sa 1 a ƙarshen sda ɗin nan me ke faruwa?