Ba kowane haki bayan haihuwa ne gajiya ba

Na karanta rahotonku kan mace-macen mata bayan haihuwa, sai dai kun tsaya a kan zubar jini da jijjiga, ba ku taɓo raunin zuciyar da kan kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan ta sauka ba. A nan Jos, ƙanwata ta yi mako uku tana haki da tarin dare, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga, ba ta iya barci sai an jingina ta da matashin kai uku, amma wani ƙaramin asibiti ya dinga ba ta maganin asma. Hoton zuciya ne ya nuna cewa zuciyar ta ƙara girma, ba ta tura jini yadda ya kamata.

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawaitar wannan cuta da kunun kanwa da wankan jego, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki. Ban ce a watsar da al'ada ba, amma duk mai jegon da ta kasa kwanciya rigingine saboda haki, a kai ta awon zuciya a ranar.