An Kashe Awaki Don Kunkuru Ya Rayu, Kuma Galapagos Ba Ta Yi Laifi Ba

A 1959 wasu masunta suka saki awaki uku a Pinta, ɗaya daga cikin tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, don su riƙa samun nama in sun yada zango. Zuwa 1970 awakin sun kai kusan 40,000. Manyan kunkurun tsibirin, waɗanda dama matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna kwashewa suna ci, suka rasa ko ciyawar sawa a baki. Guda tak aka gano a 1971, aka laƙaba masa Lonesome George, ya mutu a 2012 bai bar baya ba.

A wannan 1959 ɗin ce kuma gwamnati ta ayyana tsibiran a matsayin gandun daji na ƙasa. Akuya dai ba ta san doka ba.

Shi ya sa nake goyon bayan aikin kawar da awaki da aka yi a wasu tsibiran Galapagos tsakanin 1997 da 2006, wanda aka kira Project Isabela. An ɗauko maharba daga New Zealand suna harbi daga jirgi mai saukar ungulu, wasu kuma a ƙasa da karnuka, har aka kawar da awaki fiye da 140,000. Da ragowar suka koyi ɓuya, sai aka kama wasu aka hana su haihuwa, aka ɗaura musu na'urar bin sawu a wuya aka sake su. Akuya ba ta zaman kaɗaici, garke take nema, maharba kuma na biye da ita.

Duk wanda ya taɓa kiwo zai ji abin ya sosa masa rai, musamman in ya ji an bar gawarwakin sun ruɓe a inda suka faɗi. Wannan asarar nama har ina? Tambayar na bisa hanya. Sai dai akuya ta cika duniya, kunkurun nan kuwa in ya ƙare a tsibirinsa ya ƙare ke nan. Kwaso nama daga kan duwatsun da babu hanyar mota kuma zai cinye kuɗin aikin tun kafin a je ko'ina.

A tsibirin Española an ga amfanin haka. Kunkuru 14 suka rage, aka ƙara da wani namiji mai suna Diego daga gidan zoo na San Diego, aka yi ta kiwonsu a killace, aka kuma kawar da awakin tsibirin. 'Ya'ya kusan 2,000 aka mayar can, shi ma Diego aka kai shi gida a 2020.

Inda nake ganin Ekwado na da sauran aiki shi ne wajen mutanen da ke zaune a tsibiran, su wajen 30,000. A 1995 masunta sun mamaye cibiyar bincike ta Charles Darwin saboda hana su kamun wata halittar teku mai tsada a kasuwannin Asiya. Masunci ɗaya da ya fusata, da kwalekwale da akuya mai ciki, zai iya rushe aikin shekara goma a dare ɗaya. Tun daga Agustan 2024 baƙo ɗan yawon buɗe ido na biyan dala 200 kafin ya shiga, maimakon 100. Ya kamata masunta da manoman tsibiran Santa Cruz da Isabela su gani a ƙasa, a asibiti da makaranta da ruwan sha, nawa ne rabonsu a ciki.