Doguwar tafiya a babur don ilimi: malamin ƙauye ya riga kowa

A wani gidan mai da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano na gamu da wani matashi mai doguwar tafiya a babur, ana gab da la'asar. Babur ne ƙato, irin wanda muka saba gani a hannun 'yan sandan rakiyar gwamna, an ɗaure masa akwatuna biyu a gefe, tutar Najeriya tana kaɗawa a baya. A gilashin gaba an manna takarda da Turanci mai cewa kowane yaro ya tafi makaranta. Ƙura ta yi wa matashin furfura har a gira. Ya ce daga Legas ya taso, Maiduguri ya nufa, kuma duk babban birnin jiha da ya shiga sai ya kai gaisuwa ma'aikatar ilimi da fadar sarki. Yara masu tallar gyaɗa da ruwan leda sun yi wa babur ɗin zobe, almajirai uku riƙe da robobinsu suna shafa taya. Na nuna wa wata yarinya takardar, na ce ko ta san abin da aka rubuta. Ta ce, "Baba, ai sunan mashin ɗin ne."

Ban raina yaron nan ba, kuma ba zan raina shi a nan ba. Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Kano zuwa Kaduna ya san yadda baya da ƙugu suke yi kashegari, balle wanda ya ratsa ƙasar nan daga teku zuwa yankin Tafkin Chadi, tsakanin tireloli da ramuka da shingayen jami'an tsaro. Da kuɗinsa ya sayi mai, da ransa ya yi kasada, alhali sa'anninsa da yawa ba su taɓa ɓata ko yini ɗaya a kan ɗan wani ba.

Kuma irin wannan bajinta tana jawo ido, babu musu. A 2022 Kunle Adeyanju ya tashi daga Landan a babur cikin watan Afrilu, ya bi ta Faransa da Sifaniya, ya tsallaka Maroko, ya gangaro ta Muritaniya da Senegal da Mali, ya shigo Legas a ƙarshen watan Mayu bayan kwana arba'in da ɗoriya da fiye da kilomita 12,000, domin tara wa ƙungiyar Rotary kuɗin yaƙi da shan-inna. A Afrilun 2024 Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York yana buga darar Turawa har awa 60 don neman tallafin karatun yara marasa galihu. Duniya ta kalla. Ni ma na kalla.

Inda nake da ja shi ne kalmar nan da ake liƙa wa kowace irin tafiya: wayar da kai. Kan wa za a wayar?

A shan-inna kalmar ta dace, domin jita-jita ce ta tsayar da allurar rigakafi a Kano a 2003, kuma sai da sarakuna da malamai da matan da ke bin gida-gida da akwatin ƙanƙara suka yi shekaru suna lallashi kafin a ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na daji a Agustan 2020. Maganin yana nan a hannu, ɗigo biyu ne a baki, yardar uba kawai ake nema. Ilimi ba haka yake ba. Na yarda akwai iyayen da har gobe suke ganin tallar yarinya ta fi zamanta a aji, akwai kuma masu ƙyamar boko tun daga tushe. Amma mafi yawan iyayen da na zauna da su a ƙauye sun taɓa tura 'ya'yansu. Yaro ya yi shekara biyar yana zuwa, ya zauna a ƙasa a ajin da iska ta yaye wa kwano, malami ɗaya yana riƙe da aji uku, a ƙarshe yaron bai iya karanta takardar asibiti ba. Uban ya yi lissafinsa ya mai da shi gona. Wannan mutum ba ya cikin duhun kai. Ya gwada kaya ne ya ga ba su da auki.

Alƙaluman kowa ya haddace su. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa firamare a Najeriya, UNESCO kuma a 2022 ta ce adadin ya kai miliyan 20 idan an haɗa da 'yan shekarun sakandare, kuma kaso mafi tsoka a Arewa yake. Kwamishinan da matashin nan zai kai wa ziyara ya san wannan fiye da shi. Zai tarbe shi a ƙofar ofis, a ɗauki hoto, a ba shi hula da ambulan na kuɗin mai, a yi masa addu'ar sauka lafiya. Abin da ba za a taɓo a wannan zama ba shi ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don makarantun matakin farko, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta ɗiba. Shekara da shekaru shugabannin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, suna kukan biliyoyin naira na kwance saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Baƙon da aka yi wa kara da hula ba ya iya buɗe baki ya tambayi mai masaukinsa wannan.

Sannan hanyar kanta. Babur ɗin yana bin kwalta ne, daga babban birni zuwa babban birni, yaran da ake magana a kansu kuwa suna can inda kwalta ta ƙare. Kuma a can ɗin, ƙarar babura da yawa ba albishir ba ce. A kan babura maharan suka zo Ƙanƙara a Disambar 2020 suka kwashe ɗalibai fiye da 300, a kansu suka zo Kuriga a Maris ɗin 2024. A 2021 sai da jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka. Uwar da ke Birnin Gwari ko Maru, in ta hana ɗanta fita da safe, ba jawabi take jira ba.

Amma akwai wani mai doguwar tafiya a babur saboda ilimi da ban taɓa ganin an tarbe shi da hula ba. Ɗan baffana ne misalina, malamin firamare a wani ƙauye da ba zan ambata ba. A cikin gari yake zaune domin babu gidan malamai a can. Tsohuwar Boxer gare shi, an ɗaure kujerarta da robar tayar keke, fitilar gaba tana rawa. Kilomita 30 ne zuwa, 30 dawowa, rabi a kan burji, sauran a cikin yashi, da damina kuma sai ya tuɓe takalmi ya tura mashin ya haye rafi da allo da rajista a leda a kansa. Ku yi lissafin da kanku. Kilomita 60 a yini, kwana 180 na karatu a shekara, kilomita 10,800 ke nan. Kusan Landan zuwa Legas, duk shekara, kuma ya shekara goma sha yana yi.

Ga lissafi na biyu, wanda ya fi ciwo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa aiki ya zama abin da ake shawara a kansa da dare. A ce lita biyu yake ƙonawa a yini, a ce naira 900 ya sayi lita, kwana 20 a wata, naira 36,000 ta tafi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma ba kowane malamin ƙaramar hukuma ya gan shi ba. Ko a Abuja, a gaban idon kowa, malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kafin a saurare su a kansa. Na taɓa tambayar ɗan baffan nawa yadda suke yi. Ya ce, "Yaya, karɓa-karɓa muke yi. Ni Litinin da Laraba, wane Talata da Alhamis. Juma'a kuwa Allah ya ba yara haƙuri." Ya faɗa yana dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Masu duba makarantu su ce malaman ƙauye ba sa zuwa aiki, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba su ƙarasa maganar ba.

Mu a ƙasar nan ba baƙin tafiya don ilimi ba ne, har muna da salonmu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa dattawan mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su jagoranci 'yan taru daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da ba sa iya fitowa. Ƙarfin tsarin yana cikin komawar. Jajin da ta zo bana ita za ta zo baɗi, ta san sunan kowace ɗaliba da inda ta tsaya. Mai wucewa sau ɗaya da tuta ba shi da wannan, kuma ba laifinsa ba ne, haka tafiyar take.

Don haka ba cewa nake a ajiye babura ba. Da matashin nan zai ji shawarata, da na ce ya rage birane ya ƙara ƙauyuka, inda tsaro ya ba da dama. Yana da abin da malamin ƙauye ba shi da shi: kyamara a hular kwano da dubban masu bibiyarsa a Facebook da TikTok. Ya sauka daga kwalta ƙarfe takwas na safe, ya tsaya a makarantar farko da ya tarar, ya ƙirga malamai nawa ne a rajista, nawa ne a aji, ya ɗauki rufin da allon da wurin da yara mata suke zagawa. Ya yi haka a makaranta hamsin. Sannan ya shiga ofishin kwamishina da hotunan a hannu, ya tambayi ko jihar ta biya kasonta na UBEC na bara, da ranar da aka fara biyan malaman firamare sabon albashi. Mai yiwuwa ba zai samu hula ba. In kuma tara kuɗi yake yi, to ya faɗa tun kafin ya tayar da mashin nawa ake nema, wace makaranta za a kai wa, wa zai riƙe, ya kuma dawo bayan shekara ya nuna rasit, domin mun sha ganin gidauniyar da ta ƙare a ranar da aka gama tafa wa mai ita.

Na ɗan gaya masa wani abu daga cikin wannan a gidan man, a gurguje, yana ɗaure igiyar hular kwanonsa. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Na gode, Baba, amma ana jirana a Kano kafin magariba." Ya ba yarinyar mai gyaɗa naira 500 bai karɓi gyaɗar ba, ya tayar, yaran suka bi shi da gudu har bakin titi, sannan suka dawo suka ɗauki farantansu.