An biya tara tun 2021, har yau yaron bai gama biya ba

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Tun daren Talata abin yake cina a rai.

Shekarata 19 ina koyar da lissafi a wata makarantar JHS, wato ƙaramar sakandare, a yankin Asawase da ke Kumasi a Ghana. Ranar Talata bayan isha'i wani tsohon ɗalibina ya same ni a ƙofar gida a Aboabo. Ba zan faɗi sunansa ba, wanda kuma ya gane shi, don Allah ya bar wa cikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro takarda daga ambulan ya miƙo mini. Polis ripot ce, takardar nan da sashen CID na 'yan sanda ke bayarwa bayan an ɗauki zanen yatsunka an duba ko kotu ta taɓa samunka da laifi. Wani kamfani ne ya neme shi aikin kula da sito. Ya ci jarrabawarsu, an gwada fitsarinsa ba a ga komai ba, har an faɗa masa ranar da zai fara. Takarda ɗaya ta rage. Da ya kai ta, sai aka ce ya tafi gida za a kira shi. Yau wata biyu ke nan.

Ya ce da ni, "Ticha, Mma ta biya kuɗin nan tun 2021. Har 'yan kunnenta na gwal ta sayar. To me ya rage kuma da ba mu biya ba?"

Na yi shiru, don ba ni da abin da zan ce masa.

Yaron nan a ajina ya yi shekara uku. Yana cikin 'yan kaɗan ɗin da nake ba su alli su hau allo su yi wa 'yan uwansu bayani idan muryata ta dushe. Ya ci BECE, jarrabawar gama JHS, da kyau, ya shiga sakandare daidai lokacin da aka fara karatun SHS kyauta a 2017. Kuɗin makaranta ya sauka daga kan iyaye, amma cefanen gida yana nan inda yake. Mahaifinsa ya kwanta ciwo, sai yaron ya fara tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, lokacin hutu, daga baya har da ƙarshen mako. Duk wanda ya san aikin nan ya san yadda yake: mai keke yana jiran kuɗinsa kullum, ko an samu fasinja ko ba a samu ba, kai kuma tun asuba kana kan hanya, Aboabo zuwa Sawaba, Sawaba zuwa Alabar, rana tana dukanka, baya yana ciwo. A nan wani ya miƙo masa tramol, wato tramadol, ya ce maganin gajiya ne.

Ina so iyaye su fahimci wannan wurin sosai, domin da yawanmu muna zaton sai lalataccen yaro ke fara shan ƙwaya. Yawancin waɗanda na sani da neman ƙarfin aiki suka fara: masu pragya da aboboya (keken ɗaukar kaya), yaran mota, masu dako a Kejetia, masu haɗa kankare. Tramadol maganin kashe zafin ciwo ne, dangin su mofin. Wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta amince a yi amfani da shi a asibiti mai miligiram 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a lungunanmu kuwa mai 120 ne, da 225, da 250. Jiki yana sabawa da shi da wuri, abin da ya ishe ka a watan jiya ba zai ishe ka a wannan watan ba. Ran da ba ka sha ba, gaɓoɓi su yi ta ciwo, gumi ya yi ta zuba, barci ya ƙaurace maka. Idan ya yi yawa kuma ya jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya. Da gwamnati ta matsa a kan tramol da maganin tari mai kodin a 2018, sai ga wanda yara ke kira Red ya cika gari, haɗin tapentadol da carisoprodol. A farkon 2025 binciken BBC ya bi sawunsa har wani kamfani a Mumbai, hukumomin Indiya kuma suka hana haɗa shi da fitar da shi.

A aji, ƙwaya ba ta zuwa da hayaniya. Littafin aikin gida ne ke fara nuna ta. Yaron da bai taɓa fashi ba sai ka ga Litinin babu shi, Juma'a babu shi. Idan ya zo, ya kifa kai a tebur. Abin da ka koya masa jiya, yau kamar bai taɓa ji ba. Mu kuma malamai, abin da muka fi iyawa shi ne bulala da "je ka zo da babanka". Idan makarantar kwana ce a kore shi daga ɗakin kwana, ya koma yana zuwa daga gida, ko ya kama ɗaki a gari inda babu idon kowa a kansa. Ɗalibina a aji biyu na sakandare ya bari. Na ji labari a lokacin, na ce Allah ya shirya, ban taka na je gidansu ba. Wannan yana damuna har yanzu.

A 2021 'yan sanda suka kai samame wani geto, matattarar masu shaye-shaye, aka kwashe su su da yawa. An sami ƙulli ɗaya na wi, wato tabar wiwi, a aljihunsa. Ba shi da lauya. Wani ya ba shi shawara ya amsa laifi kawai a gama da wuri, kada a yi ta ɗage shari'a yana tsare. Ya amsa, aka ci shi tara.

A nan dole in yaba abin yabo. Da a ƙarƙashin tsohuwar doka ce, wato PNDC 236 ta 1990, shan wi kaɗai shekara 5 ne mafi ƙaranci, a same ka da ita kuwa shekara 10. Akwai 'yan zango da suka shiga kurkukun Kumasi da ke Adum ko Nsawam da ƙuruciyarsu saboda abin da bai cika tafin hannu ba, suka fito da furfura. A 2020 majalisa ta yi sabuwar doka, Act 1019, wadda ta mai da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NACOB ta zama NACOC, ta kuma ce wanda aka kama da ƙwaya don shan kansa tara zai biya, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, sai idan ya kasa biya ne zai yi zaman da bai wuce wata 15 ba. Tun 2014 kwamitin da marigayi Kofi Annan, ɗan garin nan namu, ya kafa a ƙarƙashin Olusegun Obasanjo ya ce a daina ɗaukar mai shan ƙwaya a matsayin mai laifi, a ɗauke shi mai bukatar magani. Dokar 2020 ta taka rabin wannan hanyar.

Rabin da ya rage shi ne abin da na gani a takardar nan. Tara ma hukuncin kotu ce. Ran da mahaifiyarsa ta biya, gidan har sadaka aka yi don murna bai kwana kurkuku ba. Babu wanda ya faɗa musu cewa sunansa ya riga ya shiga littafi.

Ku ji abin da ya yi bayan nan. Ya daina. Wanda bai taɓa zama kusa da mai barin ƙwaya ba, ba zai san nauyin kalmar nan ba. Kawunsa ya ɗauke shi ya kai shi ƙauye wajen Ejura, ya yi wata takwas yana noman masara, ya sha wuya makonnin farko kamar zai mutu. Ya dawo, ya canza abokai, ya daina zama a bes ɗinsu, wato majalisar samari. Ya zo wurina ya ce yana so ya rubuta Nov/Dec, jarrabawar gama sakandare ta waɗanda ba sa makaranta, muka yi wata shida muna zama bayan magariba a kan benci. Ya rubuta, ya ci lissafi da Turanci da sauran. Shekara huɗu ke nan bai sa komai a bakinsa ba.

To ina zai kai wannan sakamakon? Aikin soja, ɗan sanda, shige da fice, kashe gobara, gandirebobi, duk cikin sharuɗɗansu akwai cewa kada a taɓa samunka da laifi. Banki, kamfanonin tsaro, manyan masana'antu, da yawansu sai ka kawo polis ripot. Yaranmu da suka saba cike cacar bizar Amurka suna mafarkin Bronx ta New York su sani: wanda ya ci sai ya kai takardar 'yan sanda, kuma laifin ƙwaya yana cikin abubuwan da dokar Amurka ke hana biza a kansu. Ƙulli ɗaya a aljihun yaro mai shekara 20 ya rufe duk waɗannan ƙofofin lokaci guda.

Ra'ayina a nan shi ne, duk hukuncin da ɗan Adam zai yanke wa ɗan Adam a kan ƙaramin laifi, ya kamata a san ranar ƙarewarsa. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. Ku buɗe kundin tsarin mulkin 1992, sashe na 94. Ya hana wanda kotu ta samu da laifuka irin su zamba da rashin gaskiya zama ɗan majalisa. Amma sashen nan da kansa ya ce idan shekara 10 ta wuce bayan ya gama hukuncinsa, ko aka yi masa afuwa, hanin ya faɗi. Wanda ya ci amanar dukiya yana da ranar da zai iya komawa ya nemi ƙuri'armu ya je ya yi mana doka. Ɗalibina ya zagaya ofis-ofis yana tambayar yaushe takardarsa za ta fito fara, babu wanda ya iya faɗa masa rana.

A Ingila tun 1974 suke da dokar da ta ce bayan wani adadin lokaci, gwargwadon nauyin hukunci, laifin ya wuce, ba dole ba ne ka ambace shi wajen neman yawancin ayyuka, ban da irin aikin kula da yara da makamantansa. Amurka a 1998 ta yi dokar hana ɗaliban da aka samu da laifin ƙwaya tallafin karatu na gwamnatin tarayya, suka yi sama da shekara 20 a kai, a ƙarshen 2020 suka soke ta. Mu ma a nan Jami'ar Cape Coast tana koyar da fursunoni a Nsawam, har an yaye wasu a 2025. Abin farin ciki ne. Sai dai ina tambaya, ran da suka fito da digiri a hannun dama, polis ripot a hannun hagu, wanne mai ɗaukar aiki zai fara dubawa?

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. Za a ce, Ticha, ba a taɓa fizge maka waya a Aboabo da dare ba ne. An taɓa. Za a ce mai kamfani yana da haƙƙin sanin wanda zai ba makullin sitonsa. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɓoye fashi da makami ko fyaɗe ko kisa ba. Dillalan da ke shigo da Red kwantena-kwantena, da mai kemis ɗin da ke sayar wa yaro ɗan shekara 14 ta bayan kanta, a kama su a hukunta su, ba zan roƙa musu komai ba. Maganata a kan mai sha ce, wanda bai cuci kowa ba sai kansa da uwarsa, ya biya abin da kotu ta ce, ya kuma yi shekaru yana nuna ya canza. Idan muka hana shi aiki, ina muke so ya tafi? Wuri ɗaya ne a garin nan da ba a tambayar takarda, kuma ƙofarsa a buɗe take dare da rana: geton da ya baro.

Magani ma da muke cewa a kai su, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, duk can bakin teku. A nan akwai sashen da ke asibitin Komfo Anokye da 'yan wurare masu zaman kansu da kuɗinsu ya fi ƙarfin mai sayar da koko. Shi ya sa har yau wasu iyaye ke kai 'ya'yansu inda za a sa musu mari a ƙafa.

Gyaran doka aikin majalisa ne, kuma ya kamata sarakunan zango da limamanmu su zaunar da 'yan majalisar da muke zaɓa su faɗa musu wannan da baki ɗaya: a sa wa'adi, shekara uku ko biyar, wanda bai sake laifi ba a share masa. Amma akwai wani littafin da ba a ofishin CID yake ba, a bakinmu yake. Mu ne muke cewa "ɗan wi ɗin nan" bayan shekara goma da tubansa. Mu ne idan ya shigo masallaci muke jawo takalmanmu kusa. Ya je neman aure a ce a bincika, binciken kuma ba ya wuce shekarar da ya fi lalacewa. Kullum muna ji a wa'azi cewa wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne, mu gyaɗa kai, mu fito mu hana shi ko gadin shago. Yawancin 'yan zango ba a ofis suke ci ba. A Magazine ta Suame, unguwar makanikai, a kasuwar Asawase, wajen teloli da makera da masu gyaran waya, babu mai neman polis ripot. Kalmar masta ce takarda. Wannan ƙofar a hannunmu take, ba sai mun jira Accra ba.

Ku kuma ƙannena da ke zaune a bes kuna karanta wannan a waya, ga abu biyu. Idan an kama ɗayanku, kada ya amsa laifi don a gama da wuri kafin ya ga lauya. Akwai ofishin Legal Aid a Kumasi domin wanda ba shi da kuɗi. Wanda kuma ya bar makaranta, Nov/Dec ba ta tambayar shekarunka ko inda ka kwana bara.

Jiya na je wurin wani masta mai gyaran wutar mota a Magazine, abokina tun muna makarantar allo. Na faɗa masa komai, ban rage ko ɗaya ba, har samamen da tarar. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Ticha, kai za ka tsaya masa?" Na ce ni zan tsaya masa. Ya ce in kawo shi ranar Asabar da ƙarfe bakwai, ya zo da kawunsa.

Akwai wasu biyu irinsa da na sani, ɗaya mace ce, ta iya ɗinki. Duk mai shago ko gareji da yake da wurin mutum ɗaya, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.