Talakan Ingila ba shi da maƙwabci

Jiya da yamma a wani babban kanti nan Manchester na ga abin da har yanzu yake ci min rai. Wata baiwar Allah ce a gabana a layi, da yarinya a keken turawa, ta ɗora madara da burodi da kunzugun jarirai, ta sa kati na'ura ta ƙi karɓa. Ta sake sawa, ta ƙi. Sai ta fara mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya tana ba mai karɓar kuɗin haƙuri da guntun turancinta, mu kuwa wajen mutum takwas a bayanta, kowa cikin rigar sanyi, kowa ya sunkuyar da kai kan waya, ba ka jin komai sai ƙarar na'urorin nan. Wallahi ni ma ban motsa ba sai da hannunta ya kai kan madarar, kuma wannan jinkirin nawa shi ya fi damuna.

Katin nan Aspen sunansa, shi gwamnati ke ba masu neman mafaka. Kusan fam 49 ake saka wa mutum a sati, ci da sutura da kuɗin mota duk a ciki, wanda aka ajiye a otal ana ba shi abinci kuwa nasa bai kai fam 10 ba. Kuma an hana su aiki, sai mutum ya shekara yana jira sannan ya roƙi izini, shi ma na wasu 'yan ayyuka ƙalilan. Ƙato da lafiyarsa a ce ya zauna a ɗaki yana kallon bango, sannan a juyo a ce baƙi cima zaune ne! A Agustan 2024 har otal ɗin da suke ciki aka nemi ƙonawa a Rotherham.

Na sani za ku ce ai 'ya'yanta na zuwa makaranta kyauta, tana ganin likita kyauta. Gaskiya ne, ban musa ba, kuma ban ce gida babu yunwa ba. Amma ku da kuke gida kun san ba a barin mace ta mayar da abincin 'yarta a gaban jama'a, kafin ta buɗe baki wani ya ce Hajiya bari, ko mai kayan ya ce je ki kya kawo. Nan talauci bayan ƙofa yake, a kulle, ba mai shigo maka da sallama balle ya lura yau ba a ɗora tukunya ba.

Shekarata shida a bene ɗaya da mutumin da ƙofarsa ke kallon tawa, sunansa ma a jikin wasiƙa na gani. Bara na kwanta zazzaɓi kwana huɗu, wanda ya gane muryata ta canza ita ce Inna, a waya.