Wasan waje a Ingila: jirgin ƙasa, mashaya, da mu da ba ma sha

Duk ɗan uwan da ya zo Ingila karatu ko aiki, tambayarsa ta farko ita ce yadda zai samu tikitin Old Trafford ko Anfield ko Emirates. Ni kuwa shawarata kullum ita ce ya nemi wasan waje, wato wanda ƙungiya ke zuwa bugawa a filin abokiyar karawarta, ko da na ƙaramar ƙungiya ne, ya bi magoya bayanta a jirgin ƙasa zuwa wani gari. A can ake ganin ƙwallon ƙasar nan. Mutum dubu uku a lungu guda, a tsaye, suna waƙa tun daga take wasa har busar ƙarshe, masu gida dubu hamsin kuwa a zaune kamar waɗanda aka gayyato ɗaurin auren da ba su san ango ba.

Dubu ukun nan doka ce a gasar Firimiya: abin da mai gida zai ware wa baƙi ke nan, ko kashi goma cikin ɗari idan filin ƙarami ne. Tun kakar 2016 kuma tikitin baƙo ba ya wuce fam 30. Ba kyauta ƙungiyoyi suka yi ba. Magoya baya ne suka taso da kamfe tun 2013 suna cewa fam 20 ma ya isa, har aka tsaya a 30. Sai dai tikitin manyan ƙungiyoyi yana tafiya ne hannun waɗanda suka daɗe suna bi suna tara makin da ƙungiya ke ba masu zuwa kallo, sabon zuwa sai ya fara daga ƙasa.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne jirgi. Daga King's Cross a Landan zuwa Newcastle tafiyar wajen awa uku ce, kuma idan ranar tafiya ka sayi tikiti, kuɗin zuwa da dawowa ya ninka na shiga filin ba sau ɗaya ba. Mai araha sai ka saya da makonni, an ɗaure shi da jirgi guda da lokaci guda. To ga matsalar. A watan Yuni ake fitar da jadawali, amma gidajen talabijin ne ke da maganar ƙarshe. A Birtaniya ba a haska ƙwallo kai tsaye ranar Asabar tsakanin uku saura kwata da biyar da kwata, saboda haka duk wasan da Sky ko TNT suke so sai a ɗauke shi daga Asabar ƙarfe uku a kai shi Lahadi, ko Juma'a da dare, ko Litinin ƙarfe takwas. (Wasan Asabar ɗin da mai gidan kallo a Kano yake nuna wa yara, mazaunin Landan ba ya ganinsa a talabijin ɗinsa.) Ka saya da wuri a canja rana, ka jira farashi ya haura. Wasan dare kuwa ana tashi wajen ƙarfe goma, sau da yawa jirgin ƙarshe ya riga ya tafi. A Afrilun 2022 aka sa Liverpool da Manchester City wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a Wembley a makon da aka rufe layin dogo don gyara, babu jirgi kai tsaye daga garuruwan biyu, sai motocin safa ɗari aka bayar kyauta. Da an tuna da mai tafiya kallo tun farko, da ba a kai nan ba.

Yanzu ka sauka ƙarfe sha biyu, wasa sai uku, ga sanyi ga yayyafi. Ina za ka? Amsar Bature ɗaya ce: mashaya. Wannan ma yana da tushe. A 1985, shekarar da mutum 39 suka mutu a turmutsitsin filin Heysel na Belgium, aka yi dokar da ta hana shan giya a inda ake hango fili, ta kuma hana ta a motoci da jiragen da aka keɓe wa 'yan kallo. Sai shan ya ƙara tattarewa cikin gari kafin wasa. Mashayun da ke kusa da fili galibi na 'yan gida ne, da ƙato a bakin ƙofa yana duba tikiti, ya ga na baƙi ya nuna maka hanya. Baƙi suna da tasu wadda 'yan sanda suka sani, kamar Arkles a gefen Anfield. Leƙa ka gani: an rataye tutoci a bango, kofunan duk na roba saboda gudun jifa, takalmi yana manne wa ƙasa, wani ya hau kujera ya ɗauko waƙa sauran suna amsawa suna dukan tebur, a waje motar 'yan sanda tana jiran lokacin rakiya.

A nan muke rabuwa da wasu 'yan uwa. Akwai masu cewa ai gidan abinci ne, lemo kawai suke sha, ko su shiga mashayun kamfanin Wetherspoon inda ake ƙara shayi da kofi kyauta. Ban ɗora wa kowa hukunci ba, amma maganar malamai a kan zama a teburin da ake shan giya sananniya ce, kuma mashayar ranar wasa ba ta yi kama da gidan abinci ba. Ni dai ba na zama. Amma ban yarda da masu cewa saboda haka sai a haƙura a kalla a gida ba. Me mashayar take ba mutum in an cire giyar? Ɗumi, banɗaki, abinci, da jama'ar da za ka bi zuwa fili kada ka faɗa unguwar da ba taka ba. Duk ana samunsu a wani wurin.

Manyan tashoshi sun daina karɓar kuɗin banɗaki tun 2019. A Leicester, garin da Ahmed Musa ya zo a 2016, babban masallaci yana bayan tasha a titin Conduit, unguwar Highfields kuma cike take da abincin halal, daga nan ka taka zuwa King Power, filin Leicester, cikin ƙasa da rabin awa. Kewayen Villa Park, filin Aston Villa a Birmingham, ma haka ne. Idan wasan a Manchester ne, unguwar Rusholme ta ishe ka. Sai ka zuge jaket a kan rigar ƙungiya, ka je ƙofar mashayar baƙi daidai lokacin da suke fitowa, ka shige cikinsu.

Salla ce ke buƙatar lissafi. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, wato magariba tana shiga ana hutun rabin lokaci. Matafiyi ne kai, ka haɗa azahar da la'asar kafin ka shiga, sauran kuma ka tambayi ma'aikatan filin masu rigar ɗorawa ko akwai ɗakin ibada, don filaye da dama sun ware. Abubuwa sun sauya. A 2021 an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace don 'yan wasa Fofana da Kouyaté, da ke azumi, su sha ruwa, a 2022 kuma Blackburn ta buɗe filinta, Ewood Park, aka yi sallar Idi a kan ciyawa. Ƙungiyar da ta iya wannan ba za ta kasa samar wa baƙi rumfa mai ɗumi da shayi kafin wasa ba, kuma ba Musulmi kaɗai ke so ba, mai zuwa da yara ma bai san inda zai kai su ba.

Dawowa ta fi wahala. Jirgin farko bayan wasa a cushe yake, waɗanda suka fara sha tun safe yanzu ya kai musu karo, musamman in an ci su. Wani lokaci 'yan sandan jirgin ƙasa kan hana shiga da giya gaba ɗaya, amma ba kullum ba. Tun wajen sayen tikiti ka zaɓi jirgin da zai tashi awa ɗaya da rabi bayan tashi, ka samu ka yi isha'i, ka ci abinci, tashar ma ta ɗan lafa.